Ciyawar Malam Dalhatu

Yammacin ya fara kamar kowane yammaci a gidan Malam Dalhatu da ke bayan garin Rano. Rana ta sauka bayan duwatsu, inuwar katanga ta miƙe ta rufe tsakar gida. Jumai, matar gidan, tana bakin murhu tana tuƙin tuwo. 'Yarsu Mu'minat, budurwa 'yar sakandare, tana tsugune a gindin rijiya tana wanke kwanuka. Shi kuwa maigidan yana inda kowa ya san za a same shi a irin wannan lokaci, wato tsaye ba takalmi a gefen ciyawarsa, da garwar ban-ruwa a hannu, yana yayyafa mata ruwa a hankali.

A nan idonsa ya kai kan wurin. Can kusurwar gabas, wajen faɗin tabarma, ciyawar ta gajarce. Ya ajiye garwa, ya je ya durƙusa. Ba yankan almakashinsa ba ne, don shi yankansa a daidaice yake. Wannan fizga aka yi, bakin ganyen duk a yage, wasu ma an tumɓuke su da saiwa. Ya kai hannu ya taɓa, ya ji danshi mai yauƙi, ya sansana yatsunsa. Duk wanda ya tashi a ƙauye ya san warin bakin saniya.

"Jumai, wa ya bar ƙofa a buɗe yau?"

"Wace ƙofar, Malam? Wadda ka hana ko kaza shigowa?"

Da gaskiyarta. Gidan nan babu akuya, babu tunkiya, kajin ma an rabu da su tun ranar da aka yi shuka. Yana nan durƙushe ladan ya ɗaga murya da kiran magariba. Kafin kiran ya kai ƙarshe, wani abu ya daki ƙofar zaure, ƙofar ƙarfe, da ƙarar da ta sa Mu'minat ta saki kwanon da ke hannunta. Dalhatu ya je ya duba, ya tarar da dutse kamar dunƙulen hannu yana kwance a cikin zauren. Ya buɗe ƙofar kaɗan, ya leƙa lungu, ya zagi yaran unguwa da ba su san ana yi ba, sannan ya mai da ita ya rufe da bisimilla, kamar yadda yake yi kullum in rana ta faɗi.

Sai an san Dalhatu kafin a gane abin da ciyawar nan take a wurinsa. Direba ne, a Jos ya ƙare ƙuruciyarsa yana jan wani babban ma'aikaci. Shekara da shekaru yana zaune cikin mota a ƙofar gidajen manya, yana kallon koriyar ciyawa shimfiɗe kamar darduma, ba a taɓa ce masa ya taka ba. Da ya ajiye aiki, 'yan uwansa direbobi suna komawa gida da injin niƙa ko babur na haya, shi sai ya dawo da ƙaramin buhun irin ciyawa. Raigiras sunanta, in ji mai sayarwa, ciyawar ƙasar sanyi ce, in an kula da ita ba ta mutuwa da ƙarewar shekara. Mutanen Rano, waɗanda tun kaka da kakanni aikinsu shi ne raba gona da ciyawa, suka ji an sami mai shuka ta da gangan, har yana ba ta ruwa. Dariyar da aka sha a majalisa ba a magana. Jumai ma ta faɗi nata, ta ce tsakar gida sharewa ake yi, ba a gayyato daji cikinta. Ya ce mata ba ta ga duniya ba ne.

A ba shi haƙƙinsa kuma, ya iya abin. Ya jira aka gama kaka, sanyi ya shigo, sannan ya kafce rabin tsakar gidan, ya tsince tsakuwa, ya baje da manjagara. Sai dai ƙasar gidan jangargari ce, ba ta riƙe ruwa. Wani ya ba shi labarin kufan wata ruga a bayan duwatsun hanyar Rurum, inda shanu suka daɗe suna kwana kafin Fulanin su tashi, ƙasar wurin baƙa ƙirin, ga laushi kamar gari. Ya ɗauki hayar a-kori-kura, suka je da yamma bayan rana ta yi sanyi, suka kwashe ƙasar tsakiya, daidai makwancin shanun. Bai yi sallama ba, bai nemi izinin kowa ba. Wa zai yi wa kufai sallama?

Da ya barbaɗa irin, ciyawar ba ta yi mako ba ta tsiro, sirara-sirara, ta yi ta cika har ta rufe ƙasa. Dalhatu ya san halinta kamar yadda ya san halin mota. Ba a ba ta ruwa da tsakar rana, sai sassafe da yamma. Ba a yanke ta ƙasa-ƙasa, kanta kawai ake ɗaukewa, kuma da almakashi mai kaifi. Ba ta yaɗo, inda ya mutu ya mutu ke nan sai an sake barbaɗa iri. Lokacin da duk ƙasar Rano ta bushe ta koma ruwan ƙasa, gonaki ba komai sai kututturen kara, tsakar gidan Dalhatu tana sheƙi. Masu dariyar nan suka fara zuwa da sunan gaisuwa, suna miƙa wuya daga zaure. Bai taɓa jin daɗi irin na wannan ɗan lokaci ba.

Daga yammacin da aka fara jifa, gidan bai sake ganin magariba mai lafiya ba. Rana na faɗuwa sai dutse ya daki ƙofa. Da safe a tarar an ƙara fizge wani wuri. Sai kuma aka fara jin motsi. In an yi shiru bayan sallah, akan ji huci mai nauyi daga wajen ciyawar, da ƙarar tuƙa a hankali, irin ta dabbar da ta kwanta tana hutawa. Wani yammaci Jumai ta fito daga madafa da fitila, ta ji muryar mace, siririya, tana kiran shanu irin kiran Fulani, kusa da ita ƙwarai har ta ji iskar bakin a kunnenta. Ta yar da fitilar, ta shige ɗaki tana salati.

"Malam, ka rufa mana asiri ka nome abin nan," in ji ta.

"Ciyawa ce ke jifa? Ki bar ni da su, na san maganinsu."

Maganin da ya sani shi ne wani ɗan tsibbu da ake yabo a kasuwar Kibiya. Mutumin ya zo da jakarsa ta fata, ya zaga gidan yana kaɗa kai, ya ce kafi za a yi. Ya binne layu a kusurwoyin gidan huɗu, ya bi gindin katanga da rubutu, ya zuba sauran a dokin ƙofa. Da zai tafi ya bugi ƙirji ya ce daga yau ko inuwar aljani ba za ta ƙetare wannan katanga ba. Dalhatu ya raka shi har bakin titi yana godiya.

Aka yi 'yan kwanaki shiru, har ya fara yi wa Jumai kallon na-gaya-miki. Sai abin ya dawo, kuma ba da dutse ɗaya ba. Magariba na yi sai duwatsu su yi ta zuba a kan ƙofa da jikin katanga, kamar ana sauke tifa, amma ko ɗaya bai taɓa samun mutum ba. Hucin nan ya koma kuka, kukan shanu masu yunwa, can ƙasa-ƙasa, wanda ake ji a ƙirji fiye da kunne. Maƙwabta suka daina aiko yara. Masu gaisuwa suka ɗauke ƙafa.

Ranar da abin ya taɓa Mu'minat, tana gindin rijiya ne kamar kullum. Dalhatu yana ban-ruwa ya ga ta miƙe da kwano a hannu, ta taka ciyawar da ta san an hana takawa, ta je tsakiya ta tsuguna. Ta maƙale kwanon tsakanin gwiwoyinta, ta miƙa hannuwa biyu cikin iska, ta shiga ja tana saki, ja tana saki. Bakinta yana motsi. Ya matso ya ji Fulatanci take yi, yarinyar da ko gaisuwa ba ta iya ba da harshen.

"Mu'mina! Ke, Mu'mina!"

Ba ta waiwayo ba. Da ta gama ta ajiye kwanon a gabansa, ta sulale ta kwanta a wurin. Kwanon babu komai a ciki, amma ƙamshin sabuwar madara yake yi, kuma da ɗumi.

Da farko takan farfaɗo da safe, ta yi mamakin yadda ake kallonta. Daga baya ta daina dawowa. Ta wuni zaune a bakin ciyawar, idanu a kafe, ba ci, ba magana, sai in magariba ta yi ta tashi ta yi tatsarta. Dalhatu ya ce asibiti za a kai ta. Ya kira mai babur, ya sungume ta da kansa, don ta rame ba nauyi. Suna isa dokin ƙofa ta yi nauyin da ya durƙusar da shi. Ta ƙwalla ƙara, jikinta ya sanƙare, jini ya ɓalle mata ta hanci. Ya ja da baya taku kaɗan, sai ta lafa. Ya sake gwadawa, aka sake yi. Ga titi yana gani, ga mai babur yana jira, amma 'yarsa ba ta fita daga gidan ubanta. Sai ma'aikaciyar asibiti aka roƙo ta zo ta sa mata ruwa, ita ma ba ta yarda ta kai la'asar a gidan ba.

Ana cikin haka bazara ta kama. Ciyawar ƙasar sanyi ta gamu da ranar Rano, ta fara ja daga baki, tana mutuwa wuri-wuri. Wata safiya Dalhatu ya dubi 'yarsa, ya dubi ciyawar, zuciya ta ɗebe shi, ya ɗauko fartanya. Sara ɗaya ya yi. Mu'minat ta faɗi daga zaune, numfashinta ya ɗauke, sai da Jumai ta yi ta jijjiga ta tana kuka kafin ya dawo. Daga ranar ya lura da abin da ya hana shi sakat. In ciyawar ta yi yaushi, leɓɓan yarinyar sai su tsattsage, idonta ya faɗa. In ya ba ta ruwa ta miƙe, sai Mu'minat ta ɗaga kai, har ta karɓi kunu cokali biyu.

Shi ke nan, wanda ya shuka ciyawa don a gan shi ya zama bawanta. Ya kafa mata rumfa da zana da tsofaffin buhuna. Ya dinga barbaɗa sauran irin a wuraren da aka fizge, yana rufewa da ƙasa, yana tsare su daga rana da inuwar jikinsa. Rijiya ta yi ƙasa har guga ya fara fitowa da laka. Ya daina zuwa majalisa, ya daina zuwa kasuwa, masallaci ma a guje yake zuwa ya dawo. Ya tsani ciyawar nan, tsana irin wadda bai taɓa yi wa wani mahaluki ba, kuma kullum da asuba shi ne durƙushe a gabanta yana lallashi. Tsoro yake ji, da kunya, da nadamar da ba ta da inda za a ajiye ta.

Jumai ce ta aika aka kira Malam Shitu na Nariya, ba ta ma yi shawara da maigidan ba, shi kuma bai da bakin hanawa. Dattijo ne mahaddaci, manomi, ba ya yawo da jaka sai carbi da 'yar buta. Ya iso bayan la'asar a bayan babur. Maimakon ya wuce ciki, sai ya tsaya a zaure, ya daɗe yana kallon tulin duwatsun da aka tara a gefe. Ya shafa ƙofar ta waje, ya ji ta sumul. Ya shafa ta ciki, duk ta lotsa.

"Malam Dalhatu, daga wane gefe ake jifan nan?"

Dalhatu ya dubi tulin duwatsun. Wata da watanni yana kwashe duwatsun nan da hannunsa, bai taɓa tambayar kansa ba.

"An yi wa gidan nan wani aiki?"

"An yi kafi, Allah gafarta Malam."

Dattijon ya yi ajiyar zuciya. Ya sa aka shimfiɗa tabarma a bakin ciyawar, aka zaunar da Mu'minat, Jumai ta lulluɓe ta da mayafi ta riƙe kafaɗunta. Suka jira. Hasken rana ya janye daga kan katanga, tsuntsaye suka yi shiru, gari ya yi wannan tsit ɗin da yake yi kafin kiran sallah. Sai Malam Shitu ya fara karatu, ba da ƙarfi ba, a hankali, aya na bin aya. Kukan shanun ya taso daga ƙasa. Mayafin ya fara rawa. Can sai yarinyar ta ɗaga kai, wata murya ta fito daga bakinta, muryar tsohuwa, a shaƙe, Hausarta da gargada.

"Ya isa, Modibbo. Kana ƙona ni, ni kuwa ina sallah."

"To, in Musulma ce ke, faɗi sunanki."

"Dije."

"Dije, me yarinyar nan ta yi miki?"

"Ba ta yi mini komai ba. Tambayi Kaɗon nan." Kan Mu'minat ya juyo wajen Dalhatu, idanun ba nata ba. "Muna kwance a makwancinmu, ni da shanuna, tun kafin a haifi kakansa. Ya zo ba sallama, ya kwashe mu da ƙasar da komai, ya juye mu a nan."

"Me ya hana ki komawa?"

"Da fari ban so ba. Ga ciyawa a tsakiyar rani, kuma takin shanuna ne ya fid da ita. Mai taki yana da kiwo, haka yake tsakaninmu da manoma tun fil azal. Da na ga ba za ta ishe su ba, na nemi tafiya. Shanuna ba sa tashi sai rana ta faɗi, shi kuwa rana na faɗuwa sai ya rufe ƙofa da sunan Allah. Na buga masa ƙofa ya buɗe mini. Sai ya je ya kawo wanda ya ɗaure gidan ta ko'ina." Muryar ta karye. "Ku kuka kulle ni, Modibbo. Na yi jifa ba su gane ba, na yi kira suka toshe kunne. Sai na ari baki da hannu. Shanuna suna mutuwa a gidan nan ɗaya bayan ɗaya."

Dalhatu ya zauna a ƙasa. Ashe katangar da ya tsare don ya kare 'yarsa ita ce ta rufe ta da abin da yake gudu. Garin neman gira ya kusa rasa ido.

"An zalunce ki," in ji Malam Shitu, "amma ke ma kin yi zalunci. Za a buɗe miki hanya, ki fita daga jikinta yau."

"Shanun da na rasa fa? A ba ni yarinyar ta bi ni kiwo. Hannunta yana da kyau, sun saba da ita."

Jumai ta rushe da kuka, ta ƙanƙame 'yarta. Sai Malam Shitu ya koma karatu, wannan karon da ƙarfi, yana tofawa. Jikin yarinyar ya dinga murɗewa, muryar tana ihu, duwatsu suka yi ta zuba a katanga. Bai tsaya ba sai da ta ce ta bari, ta rantse da Allah ta bari.

"A tone abin da aka binne a gabas," in ji ta tana haki, "a fasa mini katanga ta nan, a bar ta a buɗe. Amma akwai farar saniyata, cikinta ya tsufa, ba za ta iya tafiya ba. Ta zauna har ruwan farko ya sauka. Kaɗo ya riƙe mini ita, kada ciyawar ta bushe. In ta mutu zan dawo, kuma na san ƙofar da zan shigo." Ta sunkuyar da kai ta dubi ƙirjin yarinyar.

"Na yarda," in ji Dalhatu. "Wallahi na yarda."

"Ni ba na cin gumin kowa. Mai riƙon saniya yana da ladansa. Za a bar maka."

"Na gode, Allah ya saka da alheri."

Maganar ta fita ne kawai, irin yadda take fita daga bakin duk wanda aka yi wa tarbiyya in an ce za a ba shi abu. Malam Shitu ya juyo da sauri ya ɗaga hannu, amma magana zarar bunu ce, ta riga ta fita.

Dalhatu ya ɗauko diga. Ya tone kusurwar gabas har ya ci karo da layar, Malam Shitu ya karɓa ya jefa a murhu. Sannan ya fuskanci katangar da ya gina da gumin tuƙinsa, ya yi ta sara har bulo ya zube, aka sami ɓaraka da za ta ci saniya. Ya ja gefe. Da farko ba abin da ya faru. Sai ciyawar ta fara kwanciya, layi-layi, ana tattake ta zuwa gabas. Ƙasa ta dinga amsawa a ƙarƙashin ƙafafunsu. Iska mai ɗumi da warin garke ta wuce ta gabansu, ta daɗe tana wucewa, ɓurɓushin bulo yana gangarowa a bakin ɓarakar. Daga can waje aka ji siririn kiran nan yana nisa, yana nisa, har ya ɓace. Mu'minat ta yi atishawa mai ƙarfi, ta buɗe ido.

"Umma, yunwa nake ji."

Da Dalhatu ya raka Malam Shitu zaure, dattijon ya tsaya yana gyara rawani, bai dube shi ba.

"Da ka yi shiru, Malam Dalhatu. Ba a karɓar kyautarsu."

"Me za ta ba ni, Allah gafarta?"

"Allah ya sa ta manta. Ka fitar da yarinyar daga gidan nan har ruwa ya sauka, kuma kada a gaya mata komai."

Washegari Mu'minat ta ƙetare dokin ƙofa da ƙafarta, Jumai ta kai ta Kibiya wurin gwaggonta Suwaiba. Ba ta tuna komai, ita dai ta san ta yi doguwar rashin lafiya. Dalhatu ya rage a gida da amanar da ba ya gani. Rijiya ta ƙafe ƙaf. Mutumin da ya ja manya a Jos ya koma bin layin famfon tuƙa-tuƙa da jarka, cikin mata da yara, safe da yamma. Ga ɓarakar a buɗe, awakin unguwa sun gano kore, sai ya wuni zaune a bakinta da sanda. Ciyawar ta ragu ta koma ɗan tsibiri a ƙarƙashin rumfa, kullum da safe da sabon wurin da aka fizga, shi kuwa ganin fizgar nan shi ne kwanciyar hankalinsa, don yana nufin saniyar tana da rai. Hadari ya dinga haɗuwa a gabas yana watsewa. Ya rame, ya yi baƙi, wuyansa ya gaji da kallon sama.

Ruwan ya zo wata ranar Laraba gab da asuba, da iska da tsawa, ya kwashe rumfar ya yar. Gari na wayewa Dalhatu ya fito cikin taɓo. A bakin ɓarakar ga sawun kofato, manya, sun nutse cikin laka, sun fita sun nufi gabas. Ya tsaya yana kallonsu, sai ya ji hawaye suna zubo masa, ya bar su suka zuba. Ya ce wa Jumai ta je ta ɗauko yarinyar yau-yau. Shi kuma ya zauna ya wasa fartanya, don ya yi niyyar kafin dare ko ganye ɗaya ba zai rage a gidan ba.

Da la'asar suka iso. Mu'minat ta yi ƙiba, ta yi haske, ta shigo da sallama tana dariya, ta durƙusa ta gaishe shi. Ya dafa kanta. Ya ɗauki fartanyar ya nufi ciyawar, yana so ta gani da idonta. Sai ya ji ta ce daga bayansa, cikin murna:

"Laa, Baba! Yaushe ka sayi maraƙa?"

Ya tsaya cak.

"Ga ta can, fara, ko tsayuwa ba ta iya sosai ba. Ina uwarta?"

Ya duba inda take nunawa. Babu komai sai jiƙaƙƙiyar ciyawa. Yana kallo wani ɗan tsagi ya lanƙwashe, ya girgiza, aka fizge kansa. Ya juya ya sake duban sawun da ke bakin ɓarakar, yana neman ƙanana a gefen manyan. Babu. Fartanyar ta zame daga hannunsa.

Mu'minat ta ajiye jakarta, ta tuɓe takalmi, ta taka ciyawar. Ta je ta tsuguna, ta miƙa hannu tana shafa iska a hankali, daidai tsayin gwiwarta. Sannan ta waiwayo ta yi wa ubanta murmushi, da idanunta na gaskiya, da muryarta ta gaskiya.

"Baba, sai a toshe katangar nan kada ta fita. Ai tamu ce."